Ɗan Kwikwiyon Da Ya Hana Takalma Kwana A Ƙofa A Kolere

Matafiyin da ya tashi daga Yola da sassafe, ya bi ta Girei da Song da Gombi da Hong, in dai mota ba ta yi masa gardama ba, kafin azahar zai kai Mararrabar Mubi, inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe arewa zuwa Uba da Michika, ɗaya kuma ta karkata gabas. Wanda ya bi ta gabas ɗin ba zai jima ba sai ya hango duwatsun Mandara sun jeru a gabansa, shuɗi-shuɗi, sai ka ce ganuwa aka gina tsakanin Nijeriya da Kamaru. To, a gindin duwatsun nan Mubi take, kimanin kilomita 200 daga Yola, a bakin kogin Yedzaram wanda ke gangarawa arewa ya nufi wajen Tafkin Chadi. Masu garin suna yi masa kirari da Sabon Dale.

Gari ne da ya ga mulki iri-iri. Ƙasar Fali ce da Gude tun asali, sa'an nan Fulani suka kafa sarauta a ƙarni na 19 ƙarƙashin tutar Modibbo Adama. Jamusawa suka mamaye shi a 1903, Turawan Ingila suka ƙwace daga hannunsu a 1914, daga bisani aka ba su riƙon amanarsa a matsayin wani ɓangare na Arewacin Kamaru. A watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, ran 1 ga Yuni na wannan shekara kuwa yankin ya zama Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwatarsa. Daga nan sai Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sai Gongola a 1976, sai Adamawa a 1991. Watau dattijon da aka haifa a garin a 1950, ko da bai taɓa gusawa daga ɗakin da aka yanke masa cibiya ba, adireshinsa ya sake har sau huɗu.

Kolere ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, tana cikin gari sosai, tare da su Lokuwa da Yelwa da Sabon Layi. Sunan nata ma labari ne. Fulanin Adamawa suna kiran Barebari Kole'en, don haka inda fataken Barno suka sauke kaya suka yi zaune, sai a kira wurin Kolere. Har a Garwa ta ƙasar Kamaru akwai unguwa mai wannan suna. Yau dai babu irin mutumin da ba a samu a cikinta. A lungu guda za a gaisa da Fulatanci, a yi ciniki da Hausa, a yi wa yaro faɗa da Margi ko Higi. Ga teloli da masu shayi, ga 'yan ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki, ga masu keke napep suna neman hanya, ga kuma ɗalibai masu haya, na Kwalejin Fasaha ta Tarayya wadda ta komo Mubi daga Yola a 1982, da na Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002.

A cikin wani lungu na wannan unguwa akwai gidan wani tela, mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, sai kuma goggonsa, tsohuwa, wadda ke ɗakin da ke kusa da zaure. A wannan gida ne ɗan kwikwiyon da ake magana ya sauka. Babban ɗan telan, yaro ɗan shekara 12, shi ya ɗauko shi daga wurin kawunsa maharbi a wani ƙauye da ke hanyar Vimtim, a cikin kwalin sabulu, yana da mako bakwai da haihuwa. Baƙi ne wuluk in ban da ɗan fari a ƙirji, saboda haka ba a sha wahalar neman suna ba, aka ce Duna.

Ba a yi masa maraba ba. Uwargida ta ce ita ba ta ga abin da za a yi da kare a gidan da ake shimfiɗa tabarma a yi salla a tsakar gida ba. Goggo kuwa buta ta ɗauke ta shige ɗaki, ta ce ita dai abin da ta tashi ta ji shi ne mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Mai karatu ya san matsayin kare a bakin Bahaushe. Wanda ya zubar da mutuncinsa a ce ya zama kare, ɗan koren mai mulki a ce karen farauta ne, mai yin abin da ya ga dama a ce yana cin karensa ba babbaka, har yaron da ke bin direba yana ɗaure kaya bai tsira ba, sai da aka laƙaba masa karen mota. Dabbar da aka yi wa irin wannan rabo a harshe, ba abin mamaki ba ne in ta sha wuya kafin ta sami wurin kwana.

Amma fa malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Mubi kamar sauran ƙasar Hausa, ba su tsananta kamar yadda jama'a ke zato ba. A wurinsu duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki kuwa bin umarni ne kawai, ba don najasa ba. Abin da suka hana shi ne ajiye kare a gida haka kawai, suka yarda da na farauta da na kiwo da na tsaron gona. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, cewa sa'ad da katangar gidansa ta faɗi a lokacin da gari ba lafiya, ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, zaki zai ajiye ba kare ba.

Mutanen Mubi ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da malamin nan yake nufi. Ran 29 ga Oktoba, 2014, 'yan Boko Haram suka shiga garin suka kafa tuta, suka sake masa suna zuwa Madinatul Islam. Jama'a suka watse, waɗansu suka hau duwatsu suka faɗa Kamaru, waɗansu suka nufi Yola a ƙafa. Sai a tsakiyar Nuwamba maharba da 'yan banga tare da sojoji suka ƙwato shi. Masu komowa suka tarar da ƙofofi a ɓalle, shaguna wayam. Telan nan yana cikinsu, kekunan ɗinkinsa biyu ba a sake ganinsu ba. Gari ya farfaɗo, kasuwa ta cika, amma barcin mutanen Mubi bai koma irin na da ba, kunne ɗaya a buɗe yake kwana. Don haka da yaron ya ce, “Baba, ai gadi zai yi mana,” sai uban ya yi shiru, shirun nan kuwa shi ne izini. Aka yi sulhu da mata a kan sharaɗi uku: ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar madafa, kuma kaskonsa dabam.

AIKIN DA BA A SA SHI BA

Gadi dai ba a gan shi ba tukuna. Abin da aka fara gani shi ne ɓatan takalma.

Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi, Duna kuwa ko shinshinar ba ya tsayawa yi. Da asuba, sa'ad da maza suka fita masallaci, mata suna alwala, sai ya zurara ta rariyar katanga ya shiga lungu. Duk silifas ɗin da aka bari a ƙofar zaure nasa ne. Ba ya ɗaukar ƙafa biyu, ɗaya yake ɗauka, abin da ya fi ɓata wa mai takalmi rai ke nan, gama da duka biyun aka ɗauke sai ya haƙura ya ce ɓarawo ne. Da aka bi sawu wata rana, sai aka tarar da taskarsa a bayan tulin itacen girki: silifas 9, babu guda biyu da suka dace da juna, da hular wani yaro, da tef ɗin awo na maigidan wanda aka yi kwana uku ana zargin almajirin shago da shi.

Ba mugunta ce ke sa shi ba, haƙora ne. Ɗan kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, waɗanda ke fara zuba yana da kamar wata huɗu, manya 42 su maye gurbinsu kafin ya cika wata bakwai. A tsakanin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake yi, duk abin da ya samu mai taushi sai ya tauna, roba kuwa ta fi kome yi masa daɗi, balle mai ɗauke da warin ƙafar mutanen da ya sani. Duka ba ya maganin wannan, sai dai ya koya masa tsoron hannu, karen da ke tsoron hannu kuwa shi ne mai cizo in ya girma. Kawun yaron, da yake ya san karnuka, shi ya aiko da shawara a ba shi tsohuwar igiya mai ƙulli da babban ƙashin saniya daga wurin mahauta. Ya kuma ja kunne kada a ba shi ƙashin kaza dafaffe, domin tsagewa yake yi ya soke hanji, kada kuma a riƙa zuba masa miyar da ta sha albasa, gama albasa tana lalata jinin kare.

Da hantsi sai ya koma kan kaji. Ba kama su yake yi ba, korarsu kawai yake yi ya ga sun tashi, sa'an nan ya tsaya ya sunkuyar da ƙirji ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama, yana kaɗa jela yana jiran su dawo a sake. Wannan tsayuwa ita ce gayyatar wasa a wurin karnuka duk duniya, sai dai kaji ba su san da haka ba. Akuyar Goggo ce kaɗai ta yi maganinsa. Rana ɗaya ta tunkuye shi ya wuntsila cikin kwata, tun daga ran nan in zai wuce turkenta sai ya yi zagaye mai nisa yana kallon wani wuri, kamar mai bashi ya hango mai binsa.

Daga nan sai shago, wanda ke manne da zaure. Ƙarar keken ɗinki ba ta dame shi ba, ƙafar maigidan da ke hawa da sauka a kan feda ita ce abokiyar faɗansa. Ƙyallayen da suka zuba ƙasa kuwa ya mai da su nasa. Masu kawo ɗinki sun rabu biyu. Akwai waɗanda ke tsayawa daga nesa su miƙo yadi da tsawon hannu, akwai ɗalibai 'yan makaranta da ke tsugunawa su shafa kansa har su manta da abin da ya kawo su. Telan ya lura cewa kusa da Salla, lokacin da mutane ke zuwa da fushi saboda ba a gama musu kaya ba, kare a bakin ƙofa yana rage tsawon faɗa.

Zafin Mubi na watan Maris da Afrilu ba wasa ba ne, kare kuwa ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafa. Saboda haka da rana ta take, Duna sai ya nemi gindin randa, ya tone ƙasa mai danshi ya kwanta, harshe a waje. Uwargida ta kore shi ta kore shi har ta gaji. A ƙarshe ita da kanta ta sa aka kafa masa 'yar rumfa ta buhu a jikin katanga, ta kuma riƙa zuba ruwa a kaskonsa sau biyu a yini, a garin da ake sayen ruwa da jarka. In aka tsokane ta sai ta ce ai ba don shi take yi ba, ta ji malamai suna faɗin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Da la'asar sakaliya, in yara sun taso daga Islamiyya, lokacinsa ya yi. Ƙwallon tsumma da ake bugawa a lungu ba ta da ɗan wasan da ya fi shi naci, sai dai ba ya ɓangaren kowa, kuma in ya kama ba ya bayarwa. Da rani yaron yakan ja shi zuwa Yedzaram, sa'ad da kogin ya janye ya bar rairayi fari fat, masu wanki sun baza kaya, masu ɗiban yashi suna loda motoci. A nan ne ake ganin irin gudun da Allah ya ba karen ƙasar nan, mai siririn jiki da dogayen ƙafafu da tsayayyun kunnuwa, irin wanda maharba ke cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Da damina kuwa an hana su zuwa, domin ruwan da ke saukowa daga duwatsu ba ya sallama, kogin da aka ƙetare da ƙafa da safe yana iya cika ya batse kafin la'asar.

Garin dabbobi ne, gama kasuwar shanun Mubi tana cikin manya a ƙasar nan. Daga Chadi da Kamaru ake koro garkuna, a loda su a tirela zuwa kudu, sefa da naira suna canza hannu. Inda shanu suke kuwa kaska tana nan. Kowane mako yaron yakan zauna ya duba kunnuwan Duna da tsakanin yatsunsa ya cire su ɗaya ɗaya. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a yi masa wanka da maganin feshin gona, Allah ya sa ba a bi ba, don karnuka da yawa sun mutu ta wannan hanya, guba ce da ke ratsa fata.

Abu ɗaya ne aka yi sakaci da shi. Kawun ya ce in ya cika wata uku a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar haukan kare. Telan ya ce gobe, gobe ta zama jibi, jibi ta zama bayan Salla.

RANAR DA WASA YA ƘARE

Yana da wata biyar abin ya faru. Wata yarinya 'yar shekara shida, 'yar wani Alhaji ɗan kasuwa da ke gida na uku a lungun, ta fito da gudu za ta sayo ƙuli-ƙuli, silifas ɗinta yana faf-faf a ƙasa. Duna ya bi takalmin kamar yadda ya saba, ya kai cafka, haƙori ya sami dunduniya. Rauni ne ɗan ƙarami, bai fi tsagar kaifin reza ba, amma jini ya fito. Kafin a ce kwabo lungu ya cika.

Wanda bai san ciwon haukan kare ba zai ce an yi hayaniya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba haka ba ne. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, in ta shiga rauni sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, kowa ya manta, sa'an nan zazzaɓi ya zo, sai firgita, sai mutum ya ga ruwa yana so ya kasa haɗiya. In aka kai nan, kusan babu wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yara ne ke wasa da karnuka, su ne kuma ke ɓoye rauni don tsoron duka. Ƙanƙantar kare ba hujja ba ce, ɗan kwikwiyo ma yana ɗauka. Ba kuma kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da cizo ba, akwai wanda muƙamuƙinsa ke saki kawai, yawu na dalala, mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya tura hannu cikin bakinsa.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Wata tsohuwa ta ce a ƙona gashin karen a shafa tokar. Wani ya ce a ɗaure ƙafar da tsumma. Samari biyu har sun ɗauko sanduna. Wata ɗaliba mai karatun aikin lafiya, da ke haya a lungun, ita ce ta ture mutane ta ɗauki yarinyar ta zaunar a kan turmi, ta sa aka kawo jarka da sabulun wanki, ta yi ta wanke wurin ana tsiyaya ruwa har minti 15 cif, tana duban agogon wayarta. Wannan wanki shi ne magani na farko kuma mafi araha, yana rage ƙwayar cutar ƙwarai. Ta kuma hana a kashe karen, ta ce a ɗaure shi, gama shi ne shaida. Daga nan aka sa yarinyar a keke napep sai asibiti, inda tambayar farko da ma'aikaci ya yi ita ce ko karen yana da katin allura. Babu. Nan take aka fara yi mata allurar rigakafi, aka rubuta ranakun da za ta koma, aka ce a tsare karen kwana 10. In ya wuce kwanakin nan lafiya lau, to, babu cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon.

Allurar nan tana da tarihi. Ran 6 ga Yuli, 1885, Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya fara gwada ta a kan wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yayyaga, yaron kuwa ya rayu. Shekara 140 ke nan da wani abu, amma har yau tsadarta da nisan inda ake samunta suna sa talakan Afirka ya koma gida ya shafa toka. Abin takaicin shi ne ta kare ta fi ta mutum araha nesa ba kusa ba, kuma a ƙasar nan ake yin ta, a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar ba ta samun hanyar yawo. Dokar da ta ce a yi wa kare rajista kuwa tana nan tun zamanin Turawa, sai dai da wuya a sami mai kare a lungunan garuruwanmu da ya taɓa jin labarinta.

Bayan sallar isha'i magana ta kai gaban Jauro, watau mai unguwa. Alhaji ya ce shi ba ya neman fitina da maƙwabci, amma ko dai karen ya bar lungun ko shi ya kai ƙara gaba. Wani daga cikin masu zaman zauren ya ce ai abin mai sauƙi ne, akwai masu yawo suna sayen karnuka, suna tara su a keji a kai kasuwar Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Filato, daga can a wuce da waɗansu kudu inda ake cin namansu, a sayar musu kawai a rage asara. Telan bai musa laifinsa ba. Ya ce, “Barkama, sakaci nawa ne, kuɗin allura duka a wuyana. Abin da nake roƙo a bar shi ya cika kwana goman da likita ya ce.” Jauro ya juya wajen Alhaji ya nuna masa cewa in aka sayar da karen yau, ko aka kashe shi aka jefar a juji, babu mai iya gaya masa ko 'yarsa tana cikin haɗari ko ba ta ciki, zaman karen a raye ya fi yi masa amfani a kan kowa. Alhaji ya yi shiru, can ya ce ya ji.

Kwana goman nan sun yi wa gidan telan tsawo. Aka ɗaure Duna da sarƙa a gindin rumfarsa, dabbar da ba ta taɓa zama wuri ɗaya na minti biyar ba. Daren farko ya yi ta kuka har maƙwabta suka ce ga alamar hauka ta fara. Yaron ya ƙi cin tuwo. Kowace safiya Alhaji yakan tsaya a bakin zaure, ba ya shiga, ba ya kuma doguwar gaisuwa, ya leƙa ya ga karen ya sha ruwa ya cinye ƙanzonsa, sa'an nan ya wuce kasuwa. Kuɗin allurar yarinyar ya cinye abin da telan ya tara don sayen injin surfani. Goggo, wadda kowa ya zaci za ta ce ai na faɗa, ba ta ce kome ba. A rana ta shida ma an gan ta ta tura masa ragowar kunu da bakin sandarta.

Ran na goma sha ɗaya yaron da ubansa suka sa shi a keke napep, bayan direbobi uku sun ƙi ɗauka, suka kai shi asibitin dabbobi. Malamin dabbobi ya duba idonsa da dasashinsa, ya yi masa allurar, ya ba da maganin tsutsar ciki, ya rubuta kati da ranar da za a komo baɗi. Ya kuma gargaɗe su cewa allurar ba ta kama jiki sai bayan kamar mako huɗu, kada a sake shi yawo kafin nan. Telan ya sa katin a leda ya ajiye a aljihun keken ɗinki, tare da katin zaɓe da rasit ɗin shago. Aka toshe rariyar katanga da bulo. Yaron ya koyi fita da shi da igiya, safe da yamma, ana yi masa dariya a lungu wai ya zama Bature.

Haushinsa na farko na gaske ya zo yana da wata takwas, cikin sanyin hunturu, wajen ƙarfe biyu na dare. Murya ce da ba a san yana da ita ba. Maza suka fito da tocila da taɓare, Alhaji yana cikinsu da gora a hannu, aka haska lungu sama da ƙasa. Ragon wani ne ya tsinke igiya yana cin takardar siminti a bakin kwata. Aka yi dariya aka koma barci, amma kowa ya lura cewa cikin minti biyu lungun duka ya tashi.

Yarinyar ta warke, ko tabo ba a gani. Yanzu ita ake aikowa daga gidansu da ƙanzo a leda, takan tsaya daga bakin zaure ta kira, “Hamma, ga na Duna,” ta ajiye ta ja da baya. Alhaji kuwa ya kira kafinta ya kafa masa katako a jikin bangon zaurensa, kamu huɗu daga ƙasa, a nan baƙinsa ke ɗora takalma.